Ramin da Ya Yi Yawa a Lagireto

A gidanmu in an ce Goggo, mutum ɗaya ake nufi: yayar babana, mai shagon noti a bayan layin masu gyaran mota. Muna da wasu goggonnin, amma su sai an ƙara musu wani abu, Goggo ƙarama, Goggo ta ƙetaren gada. Ita kam Goggo kawai. Gajeriya ce, ba ta da jiki, tafiyarta da sauri kamar ta bar wani abu a kan wuta. Duk wankin da za ta yi wa hannunta, warin baƙin mai ba ya fita. Har na kai shekara arba'in da ɗaya a duniya, abin da na sani game da ita bai wuce tana sayar da tsofaffin ƙarafa ba, kuma ba ta daɗewa a wurin taron dangi. Sauran labarinta daga baya na ji shi.

Tana da shekara ashirin da biyu aka ɗauke ta shara a wata masana'antar famfon ruwa. Aikinta ta share ƙasan injinan yanka ƙarfe, ta kwashe abin da aka zubar. A nan ta fara wasa da notinan da aka jefar a kwandon marasa kyau, tana murza su a yatsa kafin ta juye. Wata rana ta tara guda goma sha wani abu a haɓar zaninta, ta kai wa shugaban sashen, ta ce waɗannan lafiyarsu ƙalau, an zubar da su a banza. Mutumin ya kalli tsintsiyar da ke hannunta, ya yi dariya. Ta ce masa, to a cikin waɗanda aka ce masu kyau ma akwai na zubarwa. A nan dariyar ta tsaya. Ya sa aka kawo ma'aunin da ake gwada haƙoran noti da shi, haƙoran nan da makanikai ke kira tiredi, aka gwada a gabanta. Ma'aunin ya ƙaryata ta. Ba ta ja da baya ba, ta ce a kawo wani ma'aunin. Da aka buɗe sabo daga cikin takardarsa, sai ga shi tsohon ne ya cinye, ya kai wata uku yana yi musu ƙarya.

Kashegari aka karɓe tsintsiyar, aka ba ta kujera da tebur a ƙarshen layi. Shekara ashirin da shida ta yi a kan kujerar nan, duk abin da ke da haƙori sai ya bi ta hannunta kafin ya bar masana'antar.

A shekararta ta tara injin matse ƙarfe ya datse mata manunin hannun dama, yatsan da take jin tiredi da shi. Aka ce idan ta warke a mayar da ita sito, ta riƙa ƙirga kwali. Mijinta tela ne, mutum mai sanyin hali, shi ya riƙa kai mata jakar noti asibiti a ɓoye cikin kayan sawa. Wata takwas ta yi tana koya wa ƙaramin yatsanta abin da manunin ya sani. Ta koma kujerarta, ba wanda ya sake tada maganar sito.

Da aka rufe masana'antar, mijin ya riga ya rasu, 'ya'yanta mata biyu sun yi nasu gidajen. Ta ji za a narkar da tarkacen da ya rage, ta je ta roƙa a bar mata durom-durom na noti da washa da matosai. Sawu uku babbar mota ta yi. Aka cika mata ɗakin zaure har ba wurin shimfiɗa tabarma. Na tuna babana ya dawo daga gidanta yana girgiza kai, ya ce, "Yaya ta taɓu. Mutane na tara kayan ɗaki, ita tana tara tsatsa." Shekara biyu ta yi tana warewa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta buɗe shago.

Ni direba ne. Ina da tsohuwar bas mai kujera tara, kuma sau uku a mako ina kai masu wankin ƙoda babban asibiti. Tafiyar awa biyu ce, rabinta hawan dutse. Mutum biyar nake ɗauka, kullum su ne, kuma wanda ya rasa lokacinsa a kan injin wankin sai ya jira kwana biyu da guba a jininsa. Saboda haka ba na wasa da motar.

Wata Litinin da yamma lagireton motar, mai sanyaya ruwan inji, ya tsage, ruwa ya tsiyaye tas a ƙofar gida. Na samo sabo, da sassafen Talata na kai wa bakanikena, wanda kowa ke kira Guduma saboda da ita yake fara gaisawa da kowace matsala. Ƙarfe goma sha biyu zan ɗauki marasa lafiya. Guduma ya zare sabon lagireton daga kwali, ya juya shi, ya yi tsaki.

"Akwai rami ɗaya da ya yi yawa," in ji shi.

A gefen tankin akwai rami mai tiredi, babban yatsa zai shiga. An yi lagireton ne don mota iri biyu. A ɗaya, na'urar da ke jin zafin ruwa, wato sansa, a wannan ramin take zama. A tawa kuwa sansar a jikin inji take, ramin ba shi da aiki. Ya kamata a ce matoshinsa yana cikin kwalin. Muka zazzage kwalin, muka yaga shi gida biyu, babu. Mai shagon da ya sayar mini ya ce haka suka zo, kuma wannan ne na ƙarshe.

Guduma ya ce a sassaƙa itace a buga. Na ce a kan dutsen nan? Ya ce to a cika shi da gam ɗin ƙarfe. Na ce gam ɗin sai ya kwana kafin ya kama. Ya shiga tonon akwatinsa, ya fito da wani noti, ya saka, ya shiga kaɗan ya cije. Ya miƙa hannu zai ɗauki sifana.

Ban san komai a kan tiredi ba, amma yadda notin ya tsaya a ɗan karkace bai yi mini ba. Na riƙe hannunsa.

"Mu kai wa Goggo," na ce.

Ya dube ni. "Goggonka ce mai noti? Shekara shida kana zuwa nan ba ka taɓa faɗa ba?" Ya saɓi lagireton a kafaɗa tun kafin in ba shi amsa.

Rabona da shagon har na manta. Ɗaki ne siriri mai zurfi, kantoci tun daga ƙasa har rufi, a kansu gwangwanayen madara da na fenti da na man inji, ɗaruruwa, babu ko ɗaya da aka rubuta wa suna. Akwai tsani a jingine, da benci mai maƙalin ƙarfe, da ƙaramin risho da take dafa shayi a kai. Ta amsa gaisuwarmu a gajarce.

"Kai ne yau? Ko hanya ka ɓata?"

"Goggo, matsala ce ta kawo ni."

"Na sani. Lafiya ba ta taɓa kawo ɗan ƙanena nan ba. Ajiye."

Guduma ya kwantar da lagireton a benci. Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu. Ba ta ma leƙa ramin ba. Ta goge ƙaramin yatsanta a tsumma, ta zura shi ciki, ta lumshe ido, ta juya shi a hankali sau ɗaya zuwa dama, sau ɗaya zuwa hagu. Ina jin ƙarar guduma daga layin gaba, ina kallon agogon hannuna, ƙarfe tara saura kwata.

"Wa ya sa wa wannan noti?"

Guduma ya sosa ƙeya. "Mama, sau biyu kawai na juya."

"Biyu da rabi. Kuma na bututun ruwa ka sa." Ta buɗe ido. "Haƙora biyu na farko sun kwanta. Da ka ƙara juyi ɗaya da sifana, da bakin nan ya tsage, da yanzu kwalin kuke nema ku mayar da gawa."

Ya zaro notin daga aljihu ya duba, kamar yana fata ya canza. Na bututun ruwa ne.

Ta ce mana tiredi iri biyu ne a irin wannan wuri. Akwai mai tsukewa yana shiga, shi da haƙoransa yake tare ruwa. Akwai kuma miƙaƙƙe, wanda haƙoransa riƙo kawai suke yi, tare ruwan aikin washa ne, zoben ƙarfen da ke zama a bakin rami. Wannan miƙaƙƙe ne, haƙoransa ƙanana, a matse. Ta ɓalli guntun sabulu, ta danna shi a cikin ramin, ta zaro, ta miƙo mana. Ga layukan nan sun fito reras, biyu na farko a murguɗe, daidai yadda ta faɗa.

"Ni na riga na gani," ta ce. "Ku na yi wa, kada ku ce tsohuwa na duba."

Sannan ta tsaya a tsakiyar shagon, ta ɗaga kai tana kallon rufi, leɓenta na motsi. Ta kai minti guda a haka. Na ɗauka addu'a take yi.

"Hau tsani. Kanta ta sama, gwangwani na huɗu daga bango, mai lanƙwasasshen baki. Kada ka girgiza mini na kusa da shi."

Na hau. Ƙurar da ke kan gwangwanin ta kai kaurin bargo, alamar an yi shekaru ba a taɓa shi ba. Na sauko da shi. A ciki akwai matosai na tagulla kamar goma sha biyu, sun yi kore-kore, kowanne a naɗe da takarda mai maiƙo. Ta ce na wasu famfuna ne da aka taɓa yi sau ɗaya tak, guda sittin, don jiragen ruwa. An zubar da waɗannan ne saboda lambar da aka buga a kansu ta fito a juye, amma tiredinsu babu kamarsa. Ta ɗauki ɗaya, ta bi haƙoransa da yatsa, sai fuskarta ta yi laushi.

"Hannun wani mai in'ina ne wannan, na inji na uku a masana'antarmu. Shi kaɗai ke fita daga yanka da taushi haka. Allah ya ji ƙansa, ya fi shekara goma sha biyar a ƙasa."

Na dubi Guduma, ya buɗe baki ya manta da shi a buɗe.

Ba ta saka matoshin nan take ba. Ta ɗauko wani notin baƙin ƙarfe mai tiredi iri ɗaya, ta kama shi a maƙali, ta yi masa tsagi uku a tsaye da magagari, ta shafe shi da giris. Ta ce tsagin zai tada haƙoran da suka kwanta, giris ɗin kuma zai kama ɓurɓushin kada ya faɗa cikin tanki. Da yatsu kawai ta shigar da shi, kwata gaba, kwata baya, kanta a karkace kamar mai sauraron magana ta bayan ƙofa. Da ta zaro shi, ga ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a manne a giris.

Ta karyo tsinken tsintsiya, ta zura a ramin har ya taɓa bangon ciki, ta riƙe wurin da farce, ta kara shi a jikin matoshin. Matoshin ya fi tsawo. Ta ce idan ya shiga haka zai tare wa ruwa hanya. Ta murɗa masa ƙwayar noti tukuna, ta yanke abin da ya yi yawa da zarto, sannan ta warware ƙwayar ta bi ta kan yankan, ta gyara bakin tiredin da kanta. Guduma ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Shekara ashirin ina yanka noti ina ɓatawa."

Saura washa. Ta zaɓo ta jan ƙarfe, tsohuwa, ta miƙo mini ta ce in lanƙwasa. Na gwada, ta ƙi. Ta kunna rishon shayinta, ta riƙe washar da filaya a kan wuta har ta yi ja kamar garwashi, ta jefa ta a kofin ruwa. Ruwan ya ce cuu. Ta tsamo ta, ta goge, ta sake ba ni. Wallahi kamar fata, da na matsa da ta naɗe a hannuna.

"Yanzu za ta kwanta ta bi duk wata 'yar gargada da ke bakin ramin," in ji ta. "Mai tauri tsayawa take yi tana kallon ruwa na wucewa."

Ta murɗa matoshin da yatsu, ya tafi sumul har ƙarshe ba tare da ya yi gardama ko sau ɗaya ba. Ta ɗauki sifana, ta riƙe ta kusa da kai, ba can ƙarshen mariƙi ba, ta ja kaɗan, ta ƙara kaɗan, ta ajiye.

"Mama, a ɗan ƙara," in ji Guduma.

"Ya isa."

"Ko rabin juyi."

"Kai, da wannan hannun naka kake shafa kan 'ya'yanka? Washar ta zauna, na ji zamanta. Abin da ya wuce haka fasa tanki ne."

Na ce mu tafi, lokaci na ƙurewa. Ta ce babu inda lagireton zai je sai ya yi wanka. Ta sa muka ɗaure bakunansa biyu da guntayen tsohon tif na keke, muka bar bawul ɗin a ɗaya, muka hura iska da famfon keke, muka nutsa shi a babban bahon da take wanke ƙarafa. Nan take kumfa ta fara tasowa, ɓul, ɓul, ɓul. Na ga gefen bakin Guduma ya motsa, murmushi na neman kufce masa.

Goggo na wanke hannu, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ɗaurinku ne. Na ƙasa. Tun kuna ɗaurawa na ga kun bar masa kunne."

Muka duba, daga ɗaurin ne. Muka sake ɗaurewa, muka ƙara iska har tif ɗin ya kumbura kamar zai fashe. Ruwan bahon ya kwanta lif. Na durƙusa na kafa wa matoshin ido ina ƙirga numfashina, na kai hamsin, ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta fito ba.

Ta ce wa Guduma idan ya zuba ruwa ya bar injin ya yi zafi marfi a buɗe, iska ta gama fita, kada ya yi mini gaggawa. Ni kuma ta ce, "Gaida babanka. Ka ce masa tsatsar na gaishe shi."

Sha biyu saura minti goma na tsaya a ƙofar mara lafiya na farko. A hanya idona rabi a kwalta, rabi a allurar zafi. Da muka fara hawan dutsen, wurin da tsohon lagireton ke sa allurar ta miƙe, sai ta hau tsakiya ta zauna, ba ta ƙara motsi ba. Akwai wata malamar makaranta mai ritaya da ke zama a gaba kusa da ni saboda jiri. Ta ce, "Direba, yau me ke cikin agogon nan da ya fi hanya kyau?" Na ba ta labarin tun daga kwali har baho. Kowa a motar na saurare. Da muka isa asibiti na buɗe gaban motar, na manna farar takarda a ƙarƙashin matoshin. Ta fito a bushe.

Tun daga ranar malamar ta dame ni, sai ta ga matar nan da idonta. Goggo ta ce ita ba abin kallo ba ce. Sai da aka yi wata biyu ina kai saƙo ina dawo da saƙo, sannan wata Asabar ta rufe shago, ta sa zaninta mai kyau, ta shiga motar. Ita da malamar suka matsu a kujerar gaba. Kafin mu kai gindin dutse sun gano shekararsu ɗaya, kuma dukansu ba sa jituwa da surukansu maza.

A asibiti aka bar ta ta shiga ɗakin wankin a matsayin 'yar rakiya. Na leƙa ta gilashin ƙofa bayan awa ɗaya, na sake leƙawa bayan awa uku, tana nan a wuri ɗaya, a bakin kujera, hannuwanta a kan cinya. Ba malamar take kallo ba. Injin take kallo, yadda jini ke fita ta siririn tiyo, ya zaga, ya bi ta mahaɗi bayan mahaɗi, ya koma jikin mutum ba tare da ɗigo ɗaya ya ɓata ba. Malamar ta gaya mini daga baya cewa sau ɗaya kawai Goggo ta yi magana. Ta roƙi ma'aikaciyar jinya ta ba ta mahaɗi ɗaya sabo, wanda ba a yi aiki da shi ba, ta taɓa. Aka ba ta. Ta murɗa shi, ta warware, ta sake murɗawa, ido a rufe.

Da muka fito, rana ta yi sanyi, marasa lafiya na hawa mota a hankali. Goggo ta tsaya kusa da ni, ta buɗe tafin hannunta. Ɗan farin mahaɗin roba ne, an bar mata shi.

"Juyi ɗaya ma bai cika ba, ya kulle," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba. "Babu washa, babu sifana, kuma jinin mutum yake riƙewa. Ɗan nan, akwai masu hannu a duniyar nan. Da zan ga wanda ya yanka wannan, da na durƙusa na gaishe shi."

Ta ƙulle shi a haɓar mayafinta, ta hau mota. Kafin mu gama sauka daga dutsen barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗar malamar, ni kuma na rage gudu saboda gargada.